Kwandon Goggo Dije da Kajin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ’ya take durƙusawa ta yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na Likoro yalwa da sanyi. Mu nan Ikara lafiya lau muke, sai godiya. Surukinki Malam yana nan yadda kika bar shi, shi da rediyonsa. An yi bikin jikarki Safiya, ta tare a Makarfi, kuma ta yi dace da mutanen kirki.

Na san babu motar da ke kai wasiƙa inda kike. Na rubuta ne don maganar ta ƙi zama a cikina, kuma ina so mutanen guruf ɗinmu na waya, masu sha'awar kaji da shuke-shuke, su karanta. A gabansu abin ya fara, gara a gabansu in faɗe shi. Shekara ashirin da ɗoriya ina tsayawa gaban allo ina gaya wa ’ya’yan mutane cewa ƙarya ba ta da kyau. Yau Malama ce za ta miƙe tsaye a gaban aji.

Maganar kajinki ce, Inna.

Ke kin fi kowa saninsu, amma bari in kwatanta saboda masu leƙen takardar nan. Gajerun ƙafafu gare su, in suna tafiya cikinsu har yana neman share ƙasa. Launinsu wake-wake, kowace da ɗan tukku a ka kamar ta yi ɗaurin ɗankwalin gaggawa. Ba su da wani kyau, ƙwansu ma ƙanana ne. Amma in ɗaya ta hau ƙwai, ko gobara aka yi sai dai a ɗauke ta da akurkin. In kuwa ta ƙyanƙyashe, shirwa ma sai ta yi shawara kafin ta sauko. Daga wurin mahaifiyarki kika same su, wadda aka sa mini sunanta, shi ya sa har kika bar duniya ba ki taɓa kirana da komai ba sai Uwani.

Har yanzu ina ganinki da yamma, kin cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, kin yayyafa ruwa, kin kife ta a bakin gidan gara. Da safe ki kakkaɓe wa ’yan tsaki, su yi ta wawaso. Kaskon ruwansu bai taɓa rabuwa da ɓawon maɗaci ba. Ranar da kika shafa musu galura suka koma jajaye don shirwa ta kasa gane su, na yi dariya har da riƙe ciki. Kika ce: "Yi dariyarki, ’yar boko. Ni dai da yamma zan same su cif."

Zakaru kina sayarwa in sun yi yawa, ko ki yanka wa baƙo. Macen kuwa ba ki taɓa kai ta kasuwa ba. Duk ’yar da aka aurar daga gidanmu, ban da kayan ɗaki, akwai abin da ke fitowa daga hannunki ke kaɗai: budurwar kaza ɗaya a kwando, da reshen lalle daga bishiyar bayan ɗakinki. Kina miƙawa kina faɗin magana ɗaya wadda ba ta canzawa: "Wannan riƙo ne, ba naki ba ne. Duk wadda nata suka mutu ta zo miki da kwando, kada kwandon ya koma yadda ya zo." Haka kika yi wa ƙannena, haka kika yi wa ƙawayenki da ’ya’yan maƙwabta. Ni tawa ta aure muzuru ya cinye ta tun muna gidan haya, ban kuma damu in nemi wata ba. Lallen ne ya rayu, na yi ta yawo da shi daga wannan gida zuwa wancan har muka gina namu, na dasa shi a gefen rijiya.

Goggo Dije, ƙawarki ta tun kuna ’yan mata, wadda aure ya kai Nasarawan Doya, ita ce shaidar cewa maganar nan ba ta fatar baki ba ce. Shekarar da cutar kaji ta share miki akurki tas, ina aji biyar lokacin, na gan ki zaune a kan turmi kin rasa abin da za ki yi da tsabar da ke hannunki. Ba ki aika mata ba, labari ne kawai ya kai kunnenta. Bayan kwana uku sai ga ta da kwando a ka, ta sha tafiya, kaji biyu da ɗan zakara suna leƙowa. Ta sauke ta ce: "Ga kayanki na dawo miki da su, ni dama sun ishe ni da ɓarna." Ke nan duk kajin da na gada daga baya ta hannun Goggo suka biyo. Na san wannan sarai, Inna, ba zan ce na manta ba.

Mako guda kafin ki cika, kika sa aka jingina ki a bakin ƙofa, kina kallonsu suna tono. Kika ce: "Uwani, ga su nan. Safiya ce ta gaba." Na ce to, ina share hawaye da gefen mayafi. Bayan sadakar arba'in na kwaso su zuwa Ikara tare da zakaransu, wani ja mai shaƙaƙƙiyar murya, wanda in ya fara cara sai ta karye masa a tsakiya, ya ɗan tsaya, sannan ya ƙarasa. Duk unguwarku an san wannan carar.

Shekara biyu na riƙe amanar da kyau. Sai wata abokiyar aikina ta sa ni a guruf.

Kada ki ɗauka mutanen banza ne, Inna. Ma'aikata ne da ’yan kasuwa da matan aure, daga Ikara, Makarfi, Kudan, har Zariya, waɗanda Allah ya ɗora wa son kiwo da shuka. Yawanci musaya ake yi. Mai tantabaru ya ba mai zomaye, mai dashen gwaiba ta ba mai na'a-na'a. A sa hoto, a daidaita a gaban kowa, a ɗaure a kwali a ba direba a tasha. Ba zan ɓoye miki ba, akwai daɗi. Ranar da nake jiran saƙo, ina koyarwa ne kawai amma hankalina yana tasha. Doka ɗaya ce mai tsauri a cikinmu: abin da aka ƙulla a gaban guruf ba a warware shi. Wanda ya tada magana a cire shi, a kuma sanar da dalili.

A nan na fara ganin kajin da ban san Allah ya halitta ba. Akwai waɗanda ake kira Burahma, dogaye, manya, gashi har yatsun ƙafa sai ka ce sun sa safa. Kowa ya samu sai ya ɗauke su hoto a kan siminti mai tsabta, a yi ta ma sha Allah. Ni da na shigo da ɗan lambuna na bayan gida da kajin gado, sai na ji kamar wadda ta shiga gidan biki da zanen wanke-wanke.

Wata rana na sa hoton wata fulawa da na samu a musaya, ban lura ɗaya daga cikin kajinki ta shigo ta gefe ba. Wani ya rubuta: "Malama, waccan gajerar ta baya fa, haka aka halicce ta ko tayarta ce ta sace?" Aka yi ta turo fuskokin dariya. Wasa ne, ba da mugunta ya faɗa ba, ni ma na tura tawa dariyar. Amma tun daga ranar, in zan ɗauki hoto sai na kore su bayan ɗaki da tsintsiya. Inna, na ji kunyar kajinki a gaban mutanen da yawancinsu ko fuskarsu ban taɓa gani ba.

Ana nan sai Malam Sabi'u, wani mai kiwo a Kudan, ya yi magana. Ya ce in ina da irin gajerun nan da yawa zai karɓe su duka, ya ba ni Burahma mace da namiji, ya ɗora mini dashen inabi biyu. Na karanta sau uku. A raina na ce wannan bawan Allah bai iya ciniki ba. Ko tambayar me zai yi da su ban yi ba, don kada ya farga ya janye. Na jera su, mata bakwai da zakaran, na ɗauke su hoto, karo na farko ke nan da na ɗauke su da gangan. Na sa a guruf na rubuta cewa an ƙulla. Maigidana ya ɗago daga rediyonsa ya ce: "Kajin Inna fa?" Na ce masa zamani ya wuce nan, Safiya karatun jinya take yi, ba za ta shiga gidan miji da kaza mai jan ciki ba. Kin san shi, sai ya koma kan rediyonsa.

Ana gobe zan kai su tasha, na kama su tun da rana na kulle a sito, don kada su ba ni wahala da safe.

Bayan la'asar na ji sallama. Goggo Dije ce, ta rame, ta ɗan ranƙwafa, tana riƙe da kwando. Na shimfiɗa tabarma, na durƙusa muka gaisa: gajiya, gida, jikoki, damina, da haƙurin rashinki wanda ba ya ƙarewa tsakaninmu. Ta sha ruwa ta huta. Duk tsawon gaisuwar nan idona yana kan kwandon, don na san abin da kwando ba komai a ciki yake nufi a gidanmu.

Ta ce: "Uwani, ciwo ya shiga mana gari, ko ɗaya bai bar mini ba. Na ce bari in zo gida."

In zo gida, ta ce, Inna.

Da a ce na gaya mata halin da ake ciki, na cire ko ɗaya na ba ta, na sanar da Malam Sabi'u saura bakwai, iyaka a yi mini tsiya kwana biyu a guruf, ko a cire ni. Duk wannan ya zo mini a lokacin, ba wai kaina ya kulle ba ne. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton nan mai kaji takwas, da sunana a ƙarƙashinsa, da yadda za a ce Malama guda ta tada magana. Sai na ji bakina yana cewa: "Wayyo Goggo, ai mu ma nan haka. Sun ƙare tas tun watan jiya."

Ban rufe baki ba zakaran ya yi cara daga sito. Ya fara, ta karye a tsakiya, ya ɗan tsaya, ya ƙarasa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Goggo ko juyawa wajen siton ba ta yi ba. Ta gyara mayafinta, ta kalli lallen da ke gefen rijiya, ta ce: "Allah sarki. Zakaran maƙwabtanku, muryarsa sak ta na marigayiya." Ta rufa mini asiri a gaban idona. Na tashi na zuba mata sabulu da sukari a kwandon, na raka ta har bakin titi ina ta surutun da ban san kansa ba. Ta sa mini albarka, Inna. Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai su tasha kafin in wuce makaranta, Burahma suka iso da yamma. Na sare lallen na tone saiwarsa, don ya tare inda zan kafa wa inabi rumfa. Na sa hotuna, aka yi ta yabo, har da masu cewa Malama ta shiga sahun manya. Da Safiya ta dawo hutu ta tambayi kajin, na ce mata suna Kudan ana riƙe mana su saboda ciwo ya shigo gari. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

Daɗin bai kai wata biyu ba. Macen ta yi ƙwai manya masu kyau. Ta hau su kwana uku, ta fasa biyu da nauyinta, ta tashi ta kama gabanta. Na kai sauran wurin mai injin ƙyanƙyasa, aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, suka lalace. Na kawo kuka guruf. Amsa ɗaya kowa ya ba ni: "Malama, nemi kazar gida mai kwanci ki sa mata." Malam Sabi'u da kansa ya rubuta cewa ai shi ya sa ya karɓi nawa, bai taɓa ganin masu riƙe ƙwai irinsu ba. Bai cuce ni ba. Shi ya san abin da yake karɓa, ni ce ban san abin da nake bayarwa ba. Inabin kuwa ya yi ganye har ya rufe rumfa, amma ko ƙwaya ban taɓa tsinka ba, ashe yana da lokacin da ake datse masa rassa, ni ban iya ba.

Shekara biyu ban taka Nasarawan Doya ba. In an yi suna ko rasuwa a dangin Goggo, sai in aika cewa jarrabawa ake yi a makaranta. In na hango mai kama da ita a kasuwar Makarfi, sai in kauce in shige layin masu rake, in tsaya taya abin da ba saya zan yi ba. Mace mai furfura a ka, Inna, tana wasan ɓuya da tsohuwar da ta goya ta.

Da aka sa ranar Safiya, muna zaune muna duba kayan ɗaki, sai ta ce: "Mama, yaushe za a ɗauko kazata daga Kudan?" Na yi dariyar yaƙe na ce ke da za ki riƙa zuwa asibiti aiki, ina ke ina kaza. Ta ce: "Kujera da firji kowace amarya tana da su. Ni kazar Inna nake so, da lallenta. Ai ni ce ta gaba." Ashe tana tsaye a bayana ranar da kika faɗi maganar. Malam yana jin mu daga zaure, na ji ya rage muryar rediyo.

Ranar Asabar na hau motar Kudan, na ce ko me Malam Sabi'u ya nema zan ba shi. Ya karɓe ni da mutunci, matarsa ta kawo ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya sosa ƙeya. Ya ce babu ko ɗaya. Aikin kwanci ya sa su: da zarar sun ƙyanƙyashe ƙwan Burahma a kwashe ’ya’yan, a sake zuba musu wasu. Nasu ƙwan kuwa soyawa ake yi. Wasu suka rame suka mutu, wasu ya yi musaya da su har ya manta da wa. Inna, haka suka ƙare suna fito da ’ya’yan wasu, ba a bar ko ɗaya ta ga nata ba. Na zauna a tsakar gidan mutane ina kuka, matar tana ba ni haƙuri ba ta ma san na mene ne ba.

Sai ya ce: "Amma Malama, ba ke kika turo tsohuwar nan ba?"

Ashe ranar da Goggo ta bar gidana ba ta koma ƙauye ba, ta kwana wurin wata jikarta a nan Ikara. Da safe tana tasha tana jiran mota, ni na riga na wuce makaranta, ta ga ana ɗaure kwali a bayan wata motar, kawuna masu tukku suna leƙowa ta hujin da na yi musu da hannuna. Ta tambayi direba ina za a kai su, kuma wurin wa. Bayan mako guda ta yi sallama a ƙofar Malam Sabi'u da kwandonta, da damin rassan lalle, da ƙullin irin ɗoɗɗoya da na yakuwa. Ta ce masa ta ji an ce nan musaya ake yi, ita ma ta zo da nata. Ya ce tsohuwar ta ba shi dariya, ta kuma ba shi tausayi. Ya ba ta mace ɗaya, ya ɗora mata zakaran kyauta, don shi dama ba shi da aikin da zai yi masa. Ya zagaya da ni ya nuna mini lallen, ya zama shinge guda, kore shar. Na tambaye shi me ta ce a kaina. Ya ce: "Cewa ta yi ke ’yarta ce, aiki ne ya yi miki yawa."

Daga nan ban koma gida ba. Na hau mota, na sauka na hau acaɓa, ina ta fatan hanyar ta ƙara tsawo. Ina wuce zauren gidan Goggo zuwa ciki na gan su. Tsakar gida cike, gajeru, wake-wake, kowace da ɗankwalinta, wata tana jan ’yan tsaki jajaye da galura. Na tsaya ina kallonsu. Goggo tana kan tabarma tana tsinke zogale. Na durƙusa a gabanta zan gaishe ta. Sai ga zakaran nan daga bayan rumbu, ya tsufa, jelarsa ta zube, ya miƙa wuya ya yi carar nan mai karyewa.

Goggo ta ce: "Kin ji zakaran maƙwabtanku ko? Biyo ni ya yi."

Ita ta yi dariya, ni na fashe da kuka. Na faɗa mata komai, abin da ta riga ta sani, na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun a tasha, in tashi in daina jiƙa mata tabarma. Ta sa aka dama mini fura, ta tambayi Malam, ta tambayi makaranta. Da na samu numfashi na ce mata an sa ranar Safiya, na zo ne ko za ta taimaka mini da budurwa ɗaya. Har na fara zaɓe da ido.

Ta daɗe tana tsinke zogalenta. Sannan ta ce: "Na ji an sa rana, Allah ya sa albarka. Ki je, Uwani. Ta yarinya, ni zan kai mata da hannuna."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta canza fuska ba. Ta cika mini leda da zogale da daddawa, ta raka ni har zaure. Amma kaza ko ɗaya ba ta ba ni ba, ni ma ban ga fuskar sake roƙo ba. Sai a kan acaɓa na gane hukuncin da aka yanke mini: an yafe, amma ba a sake ba ni riƙo ba. Wallahi Inna, na duba ta ko'ina ban ga inda ta yi kuskure ba.

Ranar kai amarya da hantsi, gida cike da mata, sai ga Goggo da kwandon nan dai, wanda na taɓa zuba wa sabulu. Ta ratsa akwatuna da kwanoni, ta wuce ni ina tsaye cikin leshin uwar amarya, ta tsaya gaban Safiya. Ta ɗora mata kwandon a cinya, budurwar kaza tana leƙe, reshen lalle ɗaure a gefe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce: "Daga kakarki. Wannan riƙo ne, ba naki ba ne. Duk wadda nata suka mutu ta zo miki da kwando, kada kwandon ya koma yadda ya zo." Ta ɗan tsaya, ta ƙara abin da babu shi a maganarki: "Ko wace ce."

Mata suka rangaɗa guɗa. Babu wanda ya san abin da ya sa uwar amarya ta shige ɗaki ta turo ƙofa, an ɗauka kukan rabuwa ne.

Da na je ganin ɗaki na gaya wa Safiya gaskiya tun daga hoton fulawa har zuwa sito. Ta ce "Mama" kawai, ta ci gaba da zuba mini abinci. Har na taho ba ta sake tada maganar ba.

Irinki bai yanke ba, Inna, ki kwantar da hankalinki. Sai dai ba ta hannuna ya bi ba, ni da kika jingina a bakin ƙofa kika kira da sunan mahaifiyarki. Wannan shi ne abin da nake jin kunyarsa, kuma ban san ranar da zai sake ni ba. ’Yan guruf da ke karanta wannan ba su yi mini laifin komai ba, babu wanda ya ce in yi ƙarya. In sun ga dama su cire ni yanzu. Abin da na ji tsoro ke nan a ranar, yau kuwa ko a jikina.

Ina kewarki, Innata. Ina kewar yadda kike kaɗa ƙwaryar tsaba da yamma su taho a guje suna tuntuɓe da cikinsu, kina yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya da sunayen da kika raɗa musu. Nan bayan gidana Burahma biyu ne suke takawa a hankali ƙarƙashin rumfar inabi, su ci su ƙoshi, ba su san ni ba. Inda lallenki yake da, yanzu turken rumfa ne.

Shekaranjiya Safiya ta bugo waya. Kazar ta ƙyanƙyashe tara tun kwanaki, sun yi ƙwari, tukku ya fara fito musu. Lallen ma ya kama. Ta ce: "Mama, in kina so ki zo. Amma Goggo ta ce ba a ba direba saƙon irin wannan, mai so ita ke zuwa da kwandonta."

Jiya na shiga kasuwa na sayi kwando, yana nan a bakin ƙofa ina kallonsa. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan ɗauke shi in hau motar Makarfi, in yi sallama a ƙofar ’yar da na haifa. Ba zan ce mata nawa sun mutu ba, na gama da wannan. Zan ce mata ni na zubar da su da hannuna, kuma na zo gida.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk ƙwan da aka ci da duk hannun da aka ƙunsa da lallenki su zame miki sadaka mai gudana. Allah ya ja kwanan Goggo Dije cikin lafiya, ya saka mata da abin da ni ba zan iya ba. Ya ba Safiya ikon riƙe abin da ya suɓuce wa uwarta. Ni kuma ki yafe mini, Allah ma ya yafe mini, ya haɗa mu inda ba zan sunkuyar da kai a gabanki ba. Amin.

’Yarki mai jiran Asabar da kwando ba komai a ciki,
Uwani
Ikara